Ranar da Mama Ta Zaɓi Mujallar Masu Keke

Mamana mai ɗinkin bargo ce. Ba bargon ulu na kanti ba, irin wanda mutanen nan ke kira kwilt: a yanyanka ƙyallaye kala-kala a haɗa su su zama fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa yadi guda a baya, sannan a bi dukkan ukun da allura har su kama juna. Mu a gida bargon haɗi muke ce masa. A ɗakin ƙasa na gidanmu a Beltsville, nan ƙasar Turawa, take aikin, gefen injin wanki. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin motar Baba.

Abin da zan rubuta ya faru bara, lokacin da ganye ya fara zuba. Duk shekara makarantarmu tana raba mana littafin tallan mujallu, mu bi gida-gida mu nemi masu yin rajistar shekara, ribar a sayo kayan kiɗa da ita. Ni ban iya ƙwanƙwasa ƙofar mutane ba. Na je ƙofar maƙwabciyarmu na tsaya, na kalli tabarmar goge ƙafa, na ga gefenta ɗaya ya fara zarewa, na ji motsi daga ciki, na juyo gida. Ranar da malamarmu ta tambayi waɗanda ba su sayar da ko ɗaya ba, mu biyu muka ɗaga hannu. Ɗayan sabon zuwa ne.

Shi ya sa na kai wa Mama littafin. Akwai mujallun masu bargo guda uku a ciki. Ta duba shafin, ta dube ni.

"Hannatu, kin san abin da kika kawo mini kuwa?"

Na sani. Tun hunturun da ya wuce yatsanta na tsakiya, wanda take tura allura da shi, ya kumbura a gaɓa. Da safe ba ya lanƙwasuwa sai ta tsoma shi a ruwan ɗumi. Ƙanwarta, Anti Rifkatu, nas ce a wani gidan kula da tsofaffi a Wheaton, ta kuma samo mata aiki a ɗakin wankinsu: ninke zanen gado, ɗinke maɓalli, ga albashi a kan kari, ga inshorar asibiti. Ran Litinin suke jiran amsa.

"In na yi rajistar shekara," in ji Mama, "na ce ke nan ina nan ƙasa wata shekarar. Ba na sayen abin da zan ajiye ina kallo. In kuma ban yi ba, Litinin in sa takalmi in bi Rifkatu." Ta matso da littafin kusa da idonta. "Kuma waɗannan hotuna kamar kan sarki, me mutum zai gani? Ko yadi ba na saye sai na taɓa. Je ki laburare ki aro mini tsofaffinsu."

Na aro guda uku, kowace iri ɗaya. Suka kwana biyu a kan injin wanki ba ta buɗe ba.

Ran Lahadi bayan coci Anti Rifkatu ta biyo mu gida da 'ya'yanta, Alheri da Dauda. Anti ta riga mu zuwa ƙasar nan da daɗewa, a nan ta haife su. Suna jin Hausa, amma da Turanci suke amsawa. Muka sha gwate. Maza suka zauna kallon ƙwallo, mu kuma muka sauka ƙasa, Dauda ya biyo mu don an kore shi daga kujera.

Alheri ce ta fara ɗaukar mujalla. Ta girme ni, kuma ba ta jin kunyar kowa. Ta juya shafi biyu ta ce da Turanci, "Ni ban ga abin wahala a nan ba. Ba tsumma ake haɗawa ba? Ga wannan ma ta ce a ƙarshen mako ɗaya ake gamawa."

"Tsumma," in ji Mama. "Rifkatu, kin ji 'yarki?"

"Yaya, yarinya ce."

"A'a, bar ta. Zo nan, Baturiya. Kai ma zo, tunda ba ka da wurin zama."

Ta jawo tsohon gwangwanin biskit da take ajiye kayan aiki. Mama ba mai yawan magana ba ce a kan aikinta. Ranar ta yi, kuma ba da fushi ba, da muryar wadda ta gaji da ɗaukar kaya ta sami inda za ta sauke. Na zauna a kan matakala ina ji. Ga abin da na riƙe.

Ta fara da kwali. "Wannan kwalin hatsin da kuke ci da madara da safe ne. Da shi nake fitar da siffa, in ɗora a kan yadi in zagaye da fensir. Duk zagayen da na yi, fensir yana cin gefensa kaɗan. In ya ci ko kaurin farce ne, a ƙyalle ɗaya ba za ki gani ba. Haɗa su da yawa, sai ki ga bargo ya karkace kamar bakin mai jin haushi. Don haka kullum ina yanka sabo. Uban Hannatu yana cewa na fi yara cin abincin nan, alhali kwalin nake jira."

Ta ɗauko allura ta sa wa Dauda a tafin hannu. Gajeruwa ce, ba ta kai rabin ɗan yatsansa ba. Ta nuna musu dunƙulen kakin zuma da take jan zare a kai don kar ya ƙulle, duk ya yi tsage-tsage kamar dunduniyar manomi. Ta nuna hular ƙarfe ta yatsa, wadda allura ta huda samanta.

"Ƙarfe ne fa," in ji Dauda.

"Ƙarfe ne. Wannan ce ta huɗu ko ta biyar, na daina lura. To wannan hannun dama ke nan, shi yana da hula. Na hagu yana ƙarƙashin bargo, ba ya ganin komai, ba shi da hula. Aikinsa ya ji tsinin allura ya mayar da ita sama. Kowane ɗinki sai ta taɓa ki. In ba ta taɓa ki ba, ba ta fita ba." Ta miƙa wa Alheri yatsan. "Taɓa."

Alheri ta taɓa, ta janye hannu. Kan yatsan ya yi tauri kamar ƙirgi.

"Ni da na zo ƙasar nan," in ji Mama, "na ɗauka na iya ɗinki. A Jos na koya, wurin wani tela a kasuwa. Sai da na gaji da hura gawayin dutsen guga da ɗinke ramin maɓalli kafin ya bar ni na hau keke. Na ɗinka rigunan amare, na ɗinka yunifom na makaranta. Da muka zo, a cocin da ake ba mu aron ɗaki mu yi sujada da Hausa, na ga tsofaffi suna zama ran Laraba kewaye da katakon da ake ɗaure bargo a kai suna ɗinki. Babbarsu wata baƙar fata ce daga kudancin ƙasar nan, Misis Hati. Na ce mata ni tela ce. Ta ce to, zauna. Na yi layi ɗaya, na yi sauri don ta gani. Ko kallon fuskar aikin ba ta yi ba. Ta sunkuya ta leƙa ƙasa, ta miƙe, ta ba ni almakashi. Ta ce warware."

"Sai kika ce me, Anti?"

"Me zan ce? Turancina lokacin bai kai na faɗa ba. Na warware. Hunturu guda ina warwarewa. Ita matar nan ba ta taɓa duba fuska ba, baya take dubawa. Ta ce fuska kowa na iya yi mata kwalliya. Ranar da ta leƙa ta miƙe ba ta ba ni almakashi ba, na zo gida na ce wa uban Hannatu ya haɗa mini katako nawa. Ɗinkin ya zama ƙanana, duk kai ɗaya, kamar an jera ƙwayar acca. Abin da ake nema ke nan. Gaba da baya, acca."

Katakon shi ne ya cinye rabin ɗakin. A lokacin akwai bargon jariri a ɗaure a kansa, ruwan ƙwai da fari, wanda ta fara tun kafin yatsan ya kumbura. Rabi ya ɗinku, rabi yana jira. Ni na lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. Da, duk layin da Mama ta gama sai ta sunkuya ta leƙa ƙasa. Tun bazara ta daina.

"Aikin rigunan direba," in ji Mama, "shi ya koya mini cewa yadi yana mutuwa. Wata mata ce daga Manassas, mijinta direban bas ne, ya rasu. Ta zo da rigunansa a cikin ledar shara, ta ce in yi mata bargo da su. Ku kuna ganin riga riga ce. Rigar da mutum ya yi shekaru yana aiki da ita ba ta da ƙarfi ɗaya. Baya yana nan da ƙarfinsa. Gwiwar hannu ta mutu, wuya ya mutu, inda bel ɗin mota ke gogawa ya mutu. Sai kin ɗaga ta a haske kin ga inda rai ya saura, ki yanka nan kaɗai. Rabin rigunan kuma irin na roba ne, masu santsi, allura na zamewa, dutsen guga na narkar da su. Ta ce dole in bar aljihu ɗaya yadda yake, don a nan yake sa alawar jikoki. Aljihu yana da kauri, ya ja duk maƙwabtansa. Na sake layin nan har na daina ƙirgawa. Da ta zo karɓa ta sa hannu a aljihun ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, amma ya ɗauki lokaci."

Anti Rifkatu ta yi tsaki. "Ai shi ne nake gaya miki, Yaya. Wata da watanni a ramin nan."

"Ban ƙarasa ba. Ba su ji labarin shekarar shuɗi ba."

"Kai, Yaya."

"Su ji. Ai sun ce tsumma ne."

Ta nuna kofin da ke kan kanta, farin kofi wanda cikinsa ya rine ya zama shuɗi. Tun ina ƙarama nake ganinsa, kuma an hana mu sha da shi.

"Uban Hannatu ya je gida ya dawo mini da baƙin rini, mai sheƙin nan, wanda in kika shafa yake barin alama a hannu. Na haɗa shi da farin yadi na yi ɗan ƙaramin bargo, na kai kasuwar masu sana'ar hannu. Wata Baturiya ta gani ta rikice. Ta ce 'yarta za ta yi aure, in yi mata babba. To ku gaya mini, a garinmu wane tela ne yake wanke sabon yadi kafin ya ɗinka? Rifkatu, kin taɓa ji?"

"Sai dai in ya shirya rufe shago."

"Yauwa. Sheƙin ai shi ne sabuntar. Misis Hati kuwa da tsofaffin tufafi take aiki, waɗanda suka sha wanki, don haka maganar ba ta taɓa tasowa ba. Na yi bargon nan, ban taɓa yin irinsa ba. A gida wa zai jefa baƙin rini a ruwan zafi? Amarya ta jefa shi a inji. Uwar ta dawo mini da shi a cikin kwandon wanki, ko ninkewa ba ta yi ba. Farin ya zama ruwan toka mai dabbare-dabbare. Rinin ya tsuke, farin bai tsuke ba, bargon ya tattare kamar fatar tsohuwa. Ba ta ɗaga murya ba. Su ba sa ɗaga murya. Sai dai a kasuwa ta gaba na ga mata suna zuwa teburina, ɗaya ta raɗa wa ɗaya, su wuce."

Dauda ya tambaya ko ta gyara shi.

"Ba ya gyaruwa. Kare ne yake kwana a kai a garejin wata ƙawar Misis Hati. To, na ce na koyi darasi: daga yau duk yadin da ya shigo ɗakin nan sai ya sha ruwa. Ba a yi wata biyu ba wata babba a zumuntar matan coci ta kawo mini ragowar atamfofin anko da ta tara, wasu har da takardar kamfani a manne. Ta ce bargo take so ta kai wa surukarta. Na wanke su tas na shanya a nan. Sai ga ta ta biyo ba sanarwa. Ta tsaya a matakalar nan da Hannatu ke zaune, ta dubi igiya, ta ce, Saratu, wa ya ɗaura mini atamfa?"

Alheri ta yi dariya, ta toshe baki.

"Yi dariyarki. Ni ma na yi, na ɗauka wasa take. Na yi bayani, ta ce ta ji. Bayan mako biyu na je kantin Hajiya 'yar Kumasi a Wheaton sayen yadi, ta ja ni gefe ta ce, Maman Hannatu, me nake ji haka? Wai kina ɗaura kayan mutane ki je unguwa, ki dawo ki wanke. Shi ke nan. Turawa sun guje ni don ban wanke ba, namu sun guje ni don na wanke. Shekarar nan ƙafar wando na yi ta ragewa wani mai shagon wanki da guga. Katakon nan yanar gizo ta kama shi." Ta ɗauko kofin ta juya shi. "Yanzu duk wadda ta kawo yadi, a gabanta nake yankar ɗan kaɗan in jefa a ruwan zafi tare da farin ƙyalle. Ta gani da idonta. In ta ce kar a wanke, ta rantse ba za ta kai shi inji ba."

Ta mayar da kofin. "To, tsumma ke nan. Hannatu, miƙo mini takardun nan."

Ta farko mai nauyi ce, takardarta na ƙyalli. Cike take da barguna da suka ci gasa, an rataye su a bango da fitila a kansu. Mama ta juya shafukan da gefen hannu. "Waɗannan ba a kwana da su. Wadda ta ɗinka wannan, wata ce ke yi mata girki." Ta ajiye.

Ta biyu siririya ce, takardarta kamar ta jarida, hotunan baƙi da fari. Siffofin cikinta an buga su da ainihin girmansu, sai dai ka ɗora kwali ka bi. Akwai wasiƙun tsofaffin matan ƙauye masu neman musayar ƙyalle. A tsakiya an ɗauki hoton wani bargo ta baya, kusa sosai. Mama ta daɗe a shafin. Ta shafa hoton da yatsan hagu, mai taurin, kamar za ta ji ɗinkin.

"Waɗannan sun san aiki," ta ce.

Ta uku ita ce wadda Alheri ta fara ɗauka. A bangon wata mata ce tana murmushi, riƙe da wuƙa mai taya da ake gungurawa a kan yadi ta yanka ninki da yawa lokaci ɗaya. Komai na cikinta da keken ɗinki ake yi, har bin audugar. Mama tana da keke, yana lulluɓe a kusurwa, amma ƙafar wando da dogon haɗi kaɗai take yi da shi. Bin bargo da keke kuwa ɗinkin buhu take ce masa. Ko buɗe ta ba ta yi ba.

"To ai kin zaɓa," in ji Anti Rifkatu, muryarta a sanyaye. "Ta tsakiyar. Sai in ce musu ba ki zuwa."

"Ni na zaɓa. Saura shi."

Ta ɗaga yatsan. Sannan ta ja kujera gaban katako, ta murza hular ƙarfen har ta wuce gaɓar, na ga ta cije leɓe. Ta ce in sa mata zare a allura. Ta sa hannun hagu a ƙasa, ta fara bin layin da ke kusa da wanda ta ɗinka tun kafin hunturu. Daga sama muna jin ihun masu kallon ƙwallo. Na lura da yadda allurar ke tafiya: da, takan loda ɗinki da yawa a kanta kafin ta ja, yanzu biyu take yi ta tsaya. Da ta kai tsawon tafin hannu sai ta kwance gefen bargon daga katako, ta naɗe shi ta juyo da bayan sama, ƙarƙashin fitila.

"Ku zo ku duba."

"Ya yi kyau sosai!" in ji Alheri. Da gaske take, ba ta ga komai ba.

"Gaskiya, Yaya, babu laifi," in ji Anti.

"Ke nas ce. Kin saba ce wa marar lafiya ya ji sauƙi." Mama ba ta juyo ba ta ce, "Hannatu."

Na sauko daga matakala. Da ma ban sauko ba. Layukan biyu suna kwance gefe da gefe, tsohon da sabon, zare ɗaya, yadi ɗaya. Na san in na ce ya yi kyau za ta ɗauki ta tsakiyar, in kai sunanta makaranta, a daina sa ni ɗaga hannu. Na kuma san za ta koma ta daina leƙa ƙasa.

"Wannan fa?" Ta ɗora yatsa a kan tsohon.

"Acca," na ce.

"Wannan?"

Na kalli ƙafafuna. Ta jira. Mama ta iya jira.

"Shinkafa," na ce. Na maimaita. "Shinkafa ce, Mama. Kuma nan da nan allurar ba ta fita ba."

Na nuna wuraren. Ta sunkuya ta duba inda na nuna, ta gyaɗa kai. Ta kama hular ƙarfen za ta cire, ta ƙi fita, sai da Anti Rifkatu ta shafa mata sabulu daga wurin wanki. Ta jefa ta cikin gwangwanin biskit, ta yi ƙara.

"Ba komai, Yaya," in ji Anti. "Gobe in biyo miki da safe. Mutanen kirki ne, za ki ga."

"Miƙo mini ta mai murmushin nan."

"Wace?"

"Ta ɗinkin buhu."

Alheri ta miƙa mata. Mama ta buɗe, ta riƙe ta nesa da fuska kamar abin da ke wari. Ta daɗe tana kallon wani hoto da ke nuna yadda ake naɗe bargo a cusa shi ƙarƙashin hannun keke.

"Ninke zanen gado kowa ya iya," ta ce. "Wannan ban iya ba. Sai in koya."

"Yaya, da shekarunki za ki koma 'yar koyo?"

"Da ƙafata. Ita ba ta kumbura ba. Ki yi musu godiya, ki ce in ban iya ba zan zo baɗi, in suna da sauran zanen gado." Ta juyo gare ni. "Kawo biro. Me suke tambaya?"

"Shekara ɗaya ko biyu."

"Ɗaya. Kar mu yi wa Allah shisshigi."

Mujallar farko ta iso bayan Kirsimeti. Tun daga nan, in na dawo makaranta nakan sauka in karanta mata, don Turancin cikinta na masu sauri ne. Ita kuma tana musu da matar mujallar kamar tana ɗakin. "Ƙarya take yi, ba a ƙarshen mako ta gama wannan ba." Ta karya allurar keke ba adadi. Barguna biyu na farko sun tattare ta baya, ta warware su da kanta, babu wanda ya ba ta almakashi. Wuƙar mai taya ta yanke ta sau ɗaya, Anti Rifkatu ta ɗaure, tana mita. Yanzu ba yatsa ke damunta ba, kafaɗa ce, don bargo yana da nauyi kuma sai an yi ta turawa. Baba ya kwance katakon ya jingine shi a bayan injin wanki. Bargon jaririn yana ninke a kan kanta, yadda ta bar shi. Jaririn da aka yi dominsa ya fara tafiya.

Da bazara ta gama na farko da ta yarda a fitar. Na wata malamar asibiti ne, kore da fari. Matar ta sauko, Mama ta shimfiɗa shi a kan tebur. Ta yi ta yabo, ta shafa shi, ta ce kamar na kakarta. Ta ninke shi ta rungume ta hau matakala. Muka ga takalmanta sun wuce ta taga.

Mama ta zauna a kujerar keke tana murza kafaɗa.

"Kin gani?" ta ce. "Ba ta juya bayansa ba."

"Na gani."

"Matar direba ma ba ta juya ba. Uwar amarya ma. Shekara da shekaru ina ɗinka wa Misis Hati bayan bargo, ashe ita kaɗai ke dubawa, ita ma ta koma kudu wurin 'yarta." Ta tsince zaren da ya manne mata a zane, ta dube ni ta saman tabarau. "Ita da ke."

Ta lulluɓe keken.

"Kashe fitila mu hau. Ban ɗora tukunya ba."